Shin hana tallar taba ya karya tseren motoci?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin tsofaffin hotunan Ayrton Senna da Michael Schumacher, motocinsu da rigunansu duk an rubuta Marlboro ɓaro-ɓaro. A motocin Formula 1 na yanzu kuwa ba na ganin sunan sigari. Na ji an ce doka ce ta hana. To idan kuɗin taba ne ke riƙe da wasan a da, yaya aka yi bai durƙushe ba, kuma wa ya kwana ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, wasan bai durƙushe ba. Manyan ƙungiyoyi sun samu wasu masu zuba kuɗi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasunsu ma suka fi da samu. Waɗanda suka kwana ciki su ne ƙananan ƙungiyoyi da yaran da ke tasowa a ƙananan gasanni, kuma ba da sunansu aka riƙa ihu ba lokacin da ake faɗa da dokar. Amma kafin mu zo nan sai ka san yadda taba ta shigo tun farko, domin dokar hana talla ce da kanta ta kora kamfanonin sigari zuwa filin tsere.

A 1965 Birtaniya ta hana tallar sigari a talabijin. Amurka ta bi sahu, daga 2 ga Janairu 1971 babu tallar sigari a rediyo ko talabijin. Kamfanonin suka wayi gari da tulin kuɗin talla a hannu, ba inda za su kai shi. A can ɓangaren kuma, ƙarshen 1967 kamfanonin mai Esso da BP sun janye tallafinsu daga Formula 1, Firestone ya ce daga yanzu taya sai an biya. Hukumar tsere ta rasa yadda za ta yi, sai ta yarda daga 1968 a riƙa liƙa sunan kamfanin da ba ruwansa da mota a jikin motar tsere. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Kafin wannan shekarar, launin mota launin ƙasarta ne: ta Birtaniya kore, ta Italiya ja, ta Faransa shuɗi, ta Jamus fari ko ruwan azurfa. A Afirka aka fara karya al'adar. A tseren Afirka ta Kudu da aka yi a Kyalami ranar 1 ga Janairu 1968, John Love, mutumin ƙasar da ake kira Zimbabwe a yau, ya fito da mota mai launin sigarin Gunston. Ba a jima ba Colin Chapman, mai ƙungiyar Lotus, ya goge koren Birtaniya, ya shafa wa motocinsa ja da fari da ruwan zinariya irin na kwalin Gold Leaf. Graham Hill ya ci tseren Sifaniya da wannan fenti, ya kuma ɗauki kambun duniya a shekarar. A 1972 Lotus ta koma baƙi da ruwan zinariya, har sunan motar ma aka mayar John Player Special. Marlboro ta fara da ƙungiyar BRM a 1972, ta koma McLaren a 1974, ta zauna da su har ƙarshen 1996, daga nan ta tattara komai ta mayar Ferrari.

A Amurka ma haka aka yi. Junior Johnson, tsohon direba mai ƙungiyarsa a gasar NASCAR, ya je wurin kamfanin sigari na R.J. Reynolds neman su ɗauki nauyin motarsa. Da ya fahimci kuɗin da ke hannunsu ya fi ƙarfin mota ɗaya, sai ya haɗa su da shugabannin gasar. Daga 1971 har 2003 sunan babbar gasar tseren Amurka sunan sigari ne, Winston Cup. Kamfanin ya sa aka rage yawan tsere daga 48 zuwa 31 a 1972, aka watsar da ƙananan filaye, ya kuma riƙa raba fenti ja da fari a shafe katangun filayen da suka rage.

Idan kana son sanin yadda abin ya kai, duba jerin zakarun Formula 1 daga 1988 zuwa 2007. Shekara 20 cur, babu zakara ko ɗaya da ba kuɗin taba ne ke bayan motarsa ba: Senna da Prost suna tallar Marlboro, Mansell da Camel, Schumacher da Mild Seven sannan Marlboro, Damon Hill da Jacques Villeneuve da Rothmans, Häkkinen da West, Alonso da Mild Seven, Räikkönen da Marlboro. British American Tobacco ma bai tsaya ga liƙa suna ba, ya sayi ƙungiyar Tyrrell sukutum, ya fito da tasa mai suna BAR a 1999 don tallar Lucky Strike da 555. Tseren babura da na jeji duk haka suke. Dattawan Agadez da suka ga wucewar ayarin Paris-Dakar a shekarun 1980 sun ga motocin Porsche masu fentin Rothmans, waɗanda René Metge ya ci gasar da su a 1984 da 1986.

Me ya sa suka zuba kuɗi haka? Saboda mota ta mayar da su talabijin ɗin da aka kore su, kuma ta hanyar da ta fi ta da. Wani likita Ba'amurke, Alan Blum, ya zauna ya ƙirga sau nawa sunan Marlboro ya bayyana a watsa wani tsere guda na 1989. Ya samu sau 5,933, sunan yana kan allo minti 46 cikin minti 94 na shirin. Tallar daƙiƙa 30 kowa ya san talla ce, yana iya tashi ya bar wurin. Motar da gwaninka ke ciki kuwa idonka na kanta har a gama, kana yi mata addu'a, babu kuma gargaɗin likita a jikinta. Kamfanonin sun riƙa cewa manya masu shan taba kawai suke nufi, don su bar wannan sigari su koma wancan. Ni ban taɓa yarda da wannan magana ba, kuma bincike bai goyi bayanta ba. A 1997 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga aikin Anne Charlton da abokanta a kan yara maza 'yan shekara 12 zuwa 13 a Ingila: waɗanda tseren mota ne wasan da suka fi so, yiwuwar su zama mashaya taba ta kusa ninka ta sauran. Kayan da ke kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, dole ne ya nemi sababbin masu saye kullum, kuma mafi yawan mashaya tun suna yara suke farawa.

Matakan farko rabi-da-rabi ne, sakamakonsu ma rabi-da-rabi. A tseren Birtaniya da na Jamus da na Faransa an daina rubuta sunan sigari a mota tun kafin a hana ko'ina. Sai ƙungiyoyi suka koma ungulu da kan zabo. McLaren ta cire haruffan amma ta bar jan kusurwar nan da farin da duk wanda ya taɓa ganin kwalin Marlboro zai gane daga nesa. Ƙungiyar Zakspeed ta Jamus, mai tallar West, ta rubuta East. Da West ta koma McLaren, sai a wurin sunan a rubuta Mika a motar Häkkinen, David a ta Coulthard, da irin haruffan sigarin sak. Ƙungiyar Jordan ta fi kowa iya wannan wasa. Motarta ruwan ɗorawa ce saboda Benson & Hedges, a 1997 aka zana kan maciji a hancinta, da idanu da haƙora, a gefe aka rubuta Bitten & Hisses. Shekara ta zagayo aka zana zirnaƙo, aka rubuta Buzzin Hornets. Daga baya aka goge wasu haruffa daga ainihin sunan, abin da ya rage ya zama Be On Edge. Babu mai kallon da bai san abin da ake nufi ba, jaridu kuma suka riƙa ba da labarin dabarar, talla ta ƙaru kyauta.

Faransa ce ta fara cizo da gaske da dokar Evin ta 1991. A ƙarshen 1992 wata kotu a garin Quimper ta ci tarar ƙungiyar Williams saboda an ga sunan Camel a talabijin ɗin Faransa, alhali tseren a wata ƙasa aka yi shi. Hukumar tsere ta yi barazanar cire Faransa daga jadawali, majalisa ta sassauta a kan hotunan da ake watsowa daga waje. Tun daga nan wannan barazana ta zama makamin shugabannin Formula 1: ku taɓa taba, mu kwashe tsere mu tafi.

Inda ta fi yin ƙara shi ne Birtaniya. A Janairun 1997 Bernie Ecclestone, mai riƙe da harkar kuɗin Formula 1, ya ba jam'iyyar Labour gudummawar fam miliyan 1. Jam'iyyar ta ci zaɓe da alkawarin hana tallar taba. A ranar 16 ga Oktoba, Ecclestone da Max Mosley, shugaban FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, suka gana da Firayim Minista Tony Blair, suka ce masa dubban ayyukan ƙera motocin tsere za su bar Ingila idan aka hana. Makonni kaɗan bayan haka gwamnati ta ce tana neman a keɓe Formula 1 daga dokar. Da labarin gudummawar ya fito fili ya zama abin kunya na farko ga sabuwar gwamnatin, aka mayar wa Ecclestone kuɗinsa. Amma jinkirin da ake nema an samu. Tarayyar Turai ta yi doka a 1998, Jamus ta kai ƙara, kotun Tarayyar ta soke ta a 2000. Aka sake wata a 2003, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Yuli 2005. Ranar ta dace da tseren Hungari. McLaren ta yi atisayen Juma'a da sunan West, sannan aka ɓanɓare shi, Kimi Räikkönen ya ci tseren ran Lahadi ba sunan sigari a motarsa.

A tsakanin nan an hukunta waɗanda suka riga sauran. An cire tseren Beljiyam na Spa daga jadawalin 2003 saboda dokar ƙasar, bai dawo ba sai 2004 bayan an sassauta. An cire na Kanada daga jadawalin farko na 2004, sai da aka haɗa kuɗi aka biya ƙungiyoyi diyyar tallar da za su rasa sannan aka mayar. Malesiya ta shigo a 1999, Baharain da Sin a 2004, Turkiyya a 2005. Mutane kan ce taba ce ta kai Formula 1 Asiya. Tana cikin dalilai, amma a ganina babban dalili shi ne gwamnatocin can suna biyan kuɗin karɓar baƙuncin tsere da filayen Turai ba za su iya biya ba. Shaida ita ce bayan taba ta fita an ci gaba da tafiya gabas, Singafo a 2008, Abu Dhabi a 2009. Ayyukan da aka ce za su bar Ingila kuwa suna nan, mafi yawan ƙungiyoyin har yau a can masana'antunsu suke. Guduwar ma ba ta da nisa, domin yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara aiki a Fabrairun 2005, kuma sashe na 13 nata ya haɗa da ɗaukar nauyin wasanni da tallar da ke tsallaka iyaka. Najeriya da Nijar duk sun amince da ita a 2005, Najeriya ta yi tata dokar a 2015.

Tun kafin wa'adi ya cika an ga alamar ana iya rayuwa ba taba. Jackie Stewart ya fito da ƙungiyarsa a 1997 da Ford da bankin HSBC, ya ƙi kuɗin sigari, kuma sun ci tsere a 1999. Williams ta rabu da taba a 2000 ta kama BMW da Compaq, a 2003 har ta ɗauki tallar NiQuitin, maganin taimaka wa mai son daina shan taba. Mild Seven da Lucky Strike sun fita a ƙarshen 2006. A 2007 Vodafone ta ɗauki McLaren, bankin ING ya ɗauki Renault. Kamfanin lemo na Red Bull ya sayi ƙungiyar Jaguar a 2004, ya ƙara da Minardi a 2005. Lewis Hamilton ya ci kambun 2008 a motar da kamfanin waya ke ɗaukar nauyi. A Amurka, da Winston ta fita, kamfanin waya na Nextel ya karɓi sunan gasar daga 2004 a kan kwantiragin shekara 10 da aka ruwaito ya kai wajen dala miliyan 700, fiye da abin da Reynolds ke biya.

To ina asarar take? Sai ka duba bambancin kuɗin taba da sauran kuɗi. Kamfanin sigari ba shi da wata ƙofa, don haka yana biya fiye da farashin kasuwa, yana sa hannu na shekaru masu yawa, ba ya gudu don an yi kakar da ba a ci komai ba. Da yake sunayen sigari suna da yawa kuma kowanne na son tasa motar, kuɗin yana gangarowa har ƙungiyoyin tsakiya da na baya. Banki ko kamfanin waya yana da ƙwallon ƙafa, yana da talabijin, yana da intanet. Idan ya zo tsere motar gaba yake so, idan iska ta juya ya kama gabansa. ING ya bar Renault a Satumbar 2009 da abin kunyar Singafo ya fito, inda aka sa direban ƙungiyar ya yi haɗari da gangan, bai jira ƙarshen kaka ba. Honda, wadda ta gaji BAR, ta fito a 2007 da hoton duniya a jikin motarta ba babban mai talla, a Disambar 2008 ta fice gaba ɗaya. BMW da Toyota suka bi ta a 2009. Rikicin tattalin arzikin duniya ne ya kore su, amma da kuɗin taba na nan da girgizar ba ta kai haka ba.

Ƙananan ne suka fi jin jiki. Ƙungiyar Alain Prost ta rasa Gauloises a ƙarshen 2000, a farkon 2002 ta rushe, ko da yake rashin injin Peugeot da bashi sun taka rawa. Eddie Jordan, wanda motarsa ta ci tsere biyu a 1999, ya sayar da ƙungiyarsa a farkon 2005 bayan kuɗin Benson & Hedges ya yi ta raguwa. A tseren babura, Sito Pons ya rasa Camel a ƙarshen 2005, bai samu madadi ba, ƙungiyar da ke cin tsere ta janye daga MotoGP, babbar gasar babura.

Abin da ya fi damuna shi ne matakalar da yara ke hawa. Marlboro ta daɗe tana ɗaukar nauyin matasan direbobi tun daga ƙananan gasanni, Mika Häkkinen da Eddie Irvine da Allan McNish duk sun ci moriyar wannan. Gasar matasa ta Zandvoort a Holan da sunan Marlboro aka san ta daga 1991 zuwa 2005. A Kanada sigarin Player's ne ya riƙe Jacques Villeneuve da Greg Moore da Patrick Carpentier, da dokar ƙasar ta fara aiki a Oktoban 2003 shirin ya tsaya. Red Bull da makarantun direbobi na manyan ƙungiyoyi sun cike wani ɓangare na giɓin, amma kujerunsu kaɗan ne. Direba mai zuwa da kuɗin gidansu ba sabon abu ba ne a tsere, sai dai bayan fitar taba nauyinsa ya ƙaru ƙwarai. Wannan asara ce ta gaskiya, ba na raina ta. Duk da haka ba na ganin ta isa hujjar a bar sigari a jikin mota. Yaro ɗaya da aka kai Formula 1 da kuɗin taba, yara nawa ne suka kunna karan farko suna kallonsa? Gyaran da wasan ke buƙata shi ne rage tsada, kuma sai a 2021 aka ƙayyade kashe kuɗin kowace ƙungiya a dala miliyan 145. Tun daga lokacin ƙananan ƙungiyoyi suka daina rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, darajarsu ta hau.

Saura maganar da ka yi cewa ba ka ganin sunan sigari a yanzu. Sunan ne ya tafi, kamfanonin ba su tafi duka ba. Philip Morris, kamfanin da ke yin Marlboro, bai taɓa barin Ferrari ba. A 2005, shekarar da dokar Turai ta fara aiki, ya sabunta kwantiragi har 2011, kuma tsarin ya ba shi ikon filin tallar motar, yana sayar wa wasu kamfanoni wuri a jikinta. An ga kalmar Marlboro a motar Ferrari karo na ƙarshe a tseren Sin na 2007. Daga nan aka sa wasu layuka ja da fari da baƙi a murfin injin, irin layukan da ake bugawa a bayan kayan kanti. A tsaye ba su ce komai ba, amma idan motar ta wuce a guje ido na haɗa su ya ga ƙasan kwalin sigarin. Likitoci a Birtaniya suka yi ƙorafi a 2010, Ferrari ta musanta, amma ta cire su a watan Mayu. Sunan Marlboro bai fita daga cikakken sunan ƙungiyar ba sai a 2011. A Oktoban 2018 aka fito da Mission Winnow, wai shiri ne na nuna sauyin kamfanin zuwa kimiyya, da tambari mai kusurwoyi fari a kan ja. Hukumomin Ostireliya suka fara bincike, aka cire shi kafin tseren Melbourne na 2019, bayan 2021 ya ɓace daga motar.

British American Tobacco ya dawo ta McLaren a 2019 da taken A Better Tomorrow, daga baya ya koma tallar Vuse, sigarin lantarki, da Velo, 'yar ƙunshin nikotin da ake maƙalawa a dasashi. Inda doka ta hana sai a cire a liƙa wani suna, kamar yadda aka sa 7-Eleven a Ostireliya a 2019. Ƙungiyar sa ido ta STOP ta ƙiyasta a 2020 cewa kamfanonin taba sun kashe kusan dala biliyan 4.4 a Formula 1 tun farkon shigarsu, kuma a 2019 kaɗai waɗannan biyun sun kashe wajen dala miliyan 100. Masu caca ma sun koyi darasin: ƙungiyar Sauber ta 2024 tana amsa sunan kamfanin caca na Stake inda aka halatta tallar caca, ta koma Kick inda aka hana.

A Maris 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga gwamnatoci su tilasta dokokinsu a kan Formula 1 da MotoGP. FIA ta ce tana adawa da tallar taba, amma ba ta da hurumin shiga yarjejeniyar kasuwanci tsakanin ƙungiya da mai ɗaukar nauyinta. Matsalar ita ce dokokin da aka rubuta a farkon shekarun 2000 ganyen taba suka ambata, ƙunshin nikotin kuwa babu ganye a cikinsa, don haka a ƙasashe da dama ya faɗa tsakanin dokoki. Ra'ayina shi ne a faɗaɗa su su haɗa da duk wani kayan nikotin da kamfanin taba ke sayarwa, da sunan kamfanin kansa da taken da ya ƙirƙiro, musamman yanzu da shirin Netflix a kan Formula 1 da aka fara a 2019 ya jawo wa wasan masu kallo matasa da yawa. McLaren ta ci kambun ƙungiyoyi a 2024, karo na farko tun 1998, tana da Google da Mastercard da Dell a jikin motarta. Idan aka ɓanɓare Velo gobe, masu neman wurin suna da yawa.